Hoto da ƙaro: yadda ranar Daura ta buga min fuskar kakata

Yau ba ni da baƙo, ni kaɗai ne, daga nan cikin garin Daura. Idan kun ji kukan akuya ko ƙarar babur a bayana ku yi haƙuri, a zaure nake naɗar shirin.

Na san kun saba ji na ina ta surutu a kan katin zaɓe da shaye-shaye da rashin aikin yi. Yau zan ɗan kauce, maganar ƙaro zan yi. E, ƙaron nan dai da kuka sani, wanda mai wankin hula yake jiƙawa don hularka ta tsaya ƙyam ranar Juma'a, wanda ake zubawa a tawada don ta kama allo. Da shi na buga hoto. Babu injin wanke hoto, babu firinta a matakin ƙarshe, ƙaro ne da baƙin tukunya da rana da ruwa, sai wani sinadari guda ɗaya da zan yi dogon bayani a kansa, domin shi ne inda gizo ke saƙar.

Bari in fara da dalilin da ya kai ni.

Kakata ta wajen uwa ta rasu shekara biyu ke nan, Allah ya jiƙanta da rahama. Ni ne mai ɗaukar hoto a gidanmu, duk biki duk suna ni ne da waya a sama. Hotunanta a wayata sun fi ɗari. Wata uku bayan rasuwarta aka zare min wayar daga aljihu a cikin cunkoson kasuwa. Ban taɓa kwafe komai a ko'ina ba, kullum cewa nake gobe. Da muka bincika cikin dangi, hoto ɗaya tak muka samu, wata 'yar ƙanwar Ummata ce ta turo shi ta WhatsApp, an tura an sake turawa har ya dushe, idan ka buɗa shi sai ka ga fuskar ta farfashe. Tsohon hotonta na kati da ke cikin akwati kuma ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, gefe guda gara ta taɓa.

Ku duba wayoyinku yanzu. Mu ne muka fi kowane zamani ɗaukar hoto, amma a cikinmu mutum nawa ne zai iya nuna wa jikansa fuskar mahaifiyarsa nan da shekara arba'in? Wannan tambayar ce ta sa na shiga intanet ina neman yadda ake yin hoton da ba ya koɗewa. A nan na ci karo da wata tsohuwar hanya da Turawa ke kira gam baikuromet. Da na karanta kayan haɗin, abu na farko a jerin shi ne ƙaro. Na yi dariya ni kaɗai. Mutum yana Landan ko Tokyo yana sayensa a 'yar kwalba da tsada, ni kuwa a kasuwarmu da gwangwani ake auna shi.

Tarihin a taƙaice. A 1839 wani ɗan Scotland mai suna Mungo Ponton ya gano cewa takardar da aka jiƙa da sinadarin baikuromet tana canzawa idan haske ya taɓa ta. A 1855 wani Bafaranshe, Alphonse Poitevin, ya nuna cewa idan ka haɗa sinadarin da abu mai danƙo irin ƙaro, ka zuba garin launi, to inda haske ya buga zai taurare ya riƙe launin. John Pouncy a Ingila ya fitar da hotuna ta wannan hanya a 1858. Daga nan abin ya kwanta, sai wajajen 1890 zuwa sama ya farfaɗo, kuma dalilin farfaɗowar ya burge ni. Kamfanin Kodak ya fito da ƙaramar kyamararsa a 1888, kowa ya zama mai hoto, kamar dai yadda waya ta yi mana. Sai wasu irin su Robert Demachy a Faransa suka ce su hoton da hannun mutum ya taɓa suke so, wanda ba a samun biyu iri ɗaya. Edward Steichen a Amurka ya yi wani hoton tafki da farin wata a 1904, ya shafa masa rufin ƙaro mai launi. A 2006 an yi gwanjon kwafi ɗaya a New York a kan dala miliyan 2.9. Ku lissafa da canjin yau, ni ba zan lissafa ba kar hawan jini ya kama ni.

To yaya abin yake aiki? Ku saurara, ba wuya.

Ƙaro idan ka jiƙa shi narkewa yake, idan ya bushe ka sake jiƙawa ya sake narkewa. Shi ya sa ake iya wanke allo. Amma idan ka gauraya shi da baikuromet, ka shafa a takarda, ka sa a rana, duk inda rana ta taɓa ya daina narkewa, ya kama takarda ƙam tare da launin da ke cikinsa. Inda inuwa ta kare kuwa yana nan yadda yake, ruwa zai tafi da shi. Aikinka kawai ka tsara inda rana za ta shiga da inda ba za ta shiga ba. Wannan shi ne aikin negatif, wato hoton da aka juya, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Na juya hoton kakata a waya, na cire masa launi, na kai shagon kwamfuta aka buga min a kan ledar nan mai ƙarfi da ake gani ta cikinta, irin wadda ake sa wa a bangon furojet. Girman negatif shi ne girman hotonka, don kifa shi ake yi a kan takardar kai tsaye, a danne da gilashi.

Na je sayen ƙaro wajen wani tsoho mai kayan koli da magunguna. Na ce, "Baba, ƙaro nake so, mai kyau." Ya zubo min kashi biyu a faifai. Ɗaya jajaye-jajaye mai saurin marmashewa, ɗaya dunƙule-dunƙule masu haske kamar ƙanƙara. Ya ce, "Samari, hula za ka wanke ko rubutu za ka yi?" Na ce hoto zan yi. Ya ɗago ya dube ni da kyau, ya ce, "To Allah ya ba da sa'a. Ɗauki na dakwara, shi ba ya ba da kunya." Daga baya na tabbatar da maganarsa a karatu: ƙaron dakwara shi ne mai daraja ta ɗaya a kasuwar duniya, shi masu wannan sana'a suke nema.

Na daka shi sama-sama, na zuba awo ɗaya na ƙaro da awo biyu na ruwa, ya kwana biyu yana narkewa, na tace da tsohon ɗankwali saboda ɓawo da yashi. Ya fito kamar zuma mai ruwa-ruwa. Shawara: kar ku jiƙa da yawa. Na farko da na yi, bayan 'yan kwanaki ya yi tsami ya fara fumfuna, Umma ta ce in fitar mata da wannan abin daga ɗakin girki.

Launi kuma, nan na sha wahala kuma nan na fi jin daɗi. Da farko wayo na so in yi, na ce bari in gwada zoɓo da lalle, abin namu na gida. Duk sun ƙi. Dalili shi ne su rini ne, narkewa suke a ruwa su shige cikin takardar, sai ko'ina ya rine, babu fari babu baƙi. Abin da ake so gari ne wanda ba ya narkewa, wanda zai zauna a cikin ƙaron kamar yadda tsakuwa ke zama a siminti. Sai na tuna makarantar allo. Mu da muka kankare gindin tukunya muka haɗa tawada, ai mun san baƙin da ba ya narkewa. Na kankaro baƙin tukunya, na niƙa shi da bayan cokali a faranti har ya yi laushi, na tankaɗe. Wallahi shi ya fi komai kyau. Kuma baƙin hayaƙi ba ya koɗewa a rana, shi ya sa za ka ga rubutun da aka yi da irin wannan tawada ya daɗe ƙwarai yana nan baƙi ƙirin. Na kuma gwada jar ƙasa da na wanke na tace sau uku, ta ba ni wani ja mai duhu kamar katangar gidan ƙasa. Bular wanki ma ta yi, amma shuɗinta ya yi min ihu da yawa.

Sau goma sha ɗaya ina yi yana lalacewa. Ba zan ba ku labarin duka ba, ga dai manyan.

Takardar farko ta kwafi ce, tana shiga ruwa ta zama kunu. Dole sai takarda mai kauri ta masu zane da fentin ruwa, sai da na yi saƙo daga Kano. Ita ma sai ka fara jiƙa ta ta bushe, don ta gama motsewarta, sannan ka shafa mata jelatin ya toshe ƙofofinta, in ba haka ba baƙin zai shige ciki ya ƙi fita.

Na biyu, haɗama. Na zuba baƙi da yawa don hoton ya fito da ƙarfi. Ina sa shi a ruwa sai ga fuskar gaba ɗaya ta saɓule tana yawo a roba. Abin da ya faru, rana daga sama take taurara ƙaron. Idan rufin ya yi kauri ya yi duhu, saman ya taurare, ƙasan da ke manne da takarda yana nan danye, ruwa na shiga sai ya ɗauke duka. Don haka siriri ake shafawa, a buga, a wanke, a shanya, a sake shafa wani a kai, a mayar da negatif daidai inda yake da farko. Ni da allura biyu nake huda gefen don kar ya goce. Hoton kakata rufi uku ne: jar ƙasa a ƙasa, baƙi marar ƙarfi, sannan baƙi mai ƙarfi na inuwa.

Na uku, yanayin garinmu. Littattafan da na karanta mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta, suna maganar a bar shi a rana minti goma ko fiye. Ranar Daura ta watan Afrilu ba ta san wannan zancen ba. Minti biyu ya ishe ni, wani lokacin bai kai ba. Sannan zafi kansa, ko babu haske, yana taurara haɗin idan takardar ta daɗe a ajiye. Na shafa da rana tsaka na bar ta a ɗaki zuwa la'asar, ta ƙi wankuwa sam. Na koma shafawa bayan sallar asuba, ta bushe a inuwa, in buga da hantsi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, kowane ƙwayar ƙura sai ta bar tabo.

Amma ranar da ya yi, jama'a. Na kifa takardar a kan ruwa a cikin roba, ban taɓa ta ba, na zauna ina kallon agogo. Bayan kamar minti ashirin na ɗago. Baƙin yana zuba a hankali kamar hayaƙi, sai ga goshi, sai ga tsagen kumatunta, sai ga bakin mayafi. Kuma abin mamaki, dushewar nan ta WhatsApp da ta dame ni ta ɓace, domin shi hoton ƙaro dama ba ya riƙe ƙananan abubuwa, laushi gare shi kamar zanen gawayi. Na sa buroshi mai laushi na ɗan buɗe hasken idonta. Da ya bushe na kai wa Umma. Ta riƙe shi ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Kai, da me ka yi wannan?" Na ce da baƙin tukunyarki. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta tashi ta sa shi a cikin akwatinta, ƙarƙashin zannuwa. Har yau ban sake ganinsa ba sai na roƙa.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci, kuma don Allah wanda yake sauraro da rabin kunne ya dawo da ɗayan.

Baikuromet guba ne. Gari ne mai ruwan goro, kyakkyawa a ido, yaro zai ɗauka garin lemon kwalba ne. Yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman idan ana shaƙar ƙurarsa. Yana cin fata ya yi gyambo, idan aka haɗiya yana lalata ƙoda, kuma kaɗan ya isa ya kashe mutum. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi tun 2017, sai da izini na musamman. Ni kuwa da na je sayensa a wani shagon kayan ɗakin gwaje-gwaje, a leda aka ƙulla min shi kamar gishiri. Ba a tambaye ni me zan yi da shi ba, ba a ce min ko kar in taɓa da hannu ba. Wannan ya tsorata ni fiye da sinadarin kansa.

Da gangan ban faɗi awon da nake haɗawa ba, kuma ba zan faɗa a nan ba. Ina aiki da safar hannu ta roba da takunkumi da tabarau. Robar da na yi amfani da ita ba ta sake komawa cikin kayan gida. Garin yana cikin kwalba mai rubutu, a akwati mai kwaɗo. Ruwan wankin farko, wanda yake fitowa rawaya, ba na zubarwa a kwata. Ina tara shi a jarka in zuba masa garin bitamin C har ya juya ya koma kore, alamar ya sauya zuwa nau'in da bai kai wancan haɗari ba, sannan in bar shi ya ƙafe a rufaffen wuri in adana busasshen. Ko koren ma ba na yarda ya kusanci rijiya. Mu garin rijiya ne, tarihinmu ma daga Kusugu ya fara. Wanda ya san yadda ruwan masana'antun jima ya yi wa kogin Challawa a Kano ya san abin da nake gudu, dangin sinadarin ne.

Na faɗi wannan ne domin da na nuna hoton a ƙungiyarmu, nan take wasu suka ce a shirya bita, a tara yara 'yan sakandare a koya musu, a kira shi koyar da sana'a. Na ce a'a, har aka ɗan ji haushina. Wani ya ce ina ɓoye ilimi. Ni dai ba zan raba wa yara talatin wannan garin su tafi da shi gidajen da ake ajiye komai a kan taga ɗaya da gishiri da kanwa ba. Kuma ban yarda a yaudari kowa da sunan sana'a ba. Hoto ɗaya yana cin kwana uku, waye a Daura zai biya kuɗin kwana uku alhali da 'yan canji za a buga masa mai launi a studiyo?

Abin da na yarda mu yi da yara shi ne sayanotaif, hoton shuɗi. Sir John Herschel ne ya ƙirƙiro shi a 1842, kuma a 1843 wata mata, Anna Atkins, ta fara fitar da littafin tsirran teku da shi. Gishirin ƙarfe iri biyu ake haɗawa, haɗarinsu bai kama ƙafar na baikuromet ba, rana ce ke bugawa, ruwa ne ke wankewa, shuɗin kuma kamar an tsamo shi daga marinar Ƙofar Mata. Ko negatif ba dole ba ne, ganye ma ya isa. Wanda ya ƙware a wannan, ya girma, ya nuna yana da tsabtar aiki, sai mu zauna mu yi maganar ƙaro.

Akwai abu ɗaya da tsohon nan ya faɗa min da na koma sayen ƙaro karo na biyu, wanda ya tsaya min a rai. Na tambaye shi daga wane daji ake kawo masa. Ya ce yanzu yawanci daga gabas yake zuwa, ko daga hayin iyaka. Ya ce, "Da muna yara, in muka fita kiwo a aljihu muke cika shi muna tsotsa. Yanzu ina itacen? An sare an dafa tuwo."

Ku duba fa. Wannan ƙaron yana cikin lemon kwalba da alewa da magungunan da ake sha a duk duniya, idan kun ga E414 a jikin kwali shi ne. Sudan ce ta fi kowa fitar da shi, kuma tun Afrilun 2023 take cikin yaƙi. Chadi da Najeriya suna cikin manyan masu fitarwa, a nan gida an fi samunsa a Borno da Yobe da Jigawa, ga Jigawa nan maƙwabtanmu. Dakwara itace ne mai jure fari, yana gyara ƙasa, bayan shekara huɗu zuwa biyar ya fara ba da ƙaro, kuma da rani ake tsaga shi, lokacin da matasanmu ke tafiya ci-rani. Katsina tana cikin jihohi 11 na shirin katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Wanda ya taɓa bi ta Kongolam ya nufi Damagaram ya ga yadda gawo ya cika gonaki a wajen Matamaye, kuma yawancinsa ba dasawa aka yi ba, manoma ne suka daina sare tohon da ya fito da kansa, suka riƙa yi masa aski yana girma. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba.

Na gaji da dashen ranar biki, a zo da 'yan jarida a dasa dubu, bayan wata biyu awaki sun cinye. Don haka bana abin da muka tsara ƙarami ne. Mun samu manoma shida a wajen Sandamu da Zango da suka yarda su bar mana tohon dakwara da gawo a gonakinsu. Za mu ɗauki hoton kowane itace da mai gonar a tsaye kusa da shi, duk shekara a wuri ɗaya. Hoton shekarar farko ni zan buga shi da ƙaron kasuwa, in ba mai gonar ya ajiye. Na yi wa ɗaya daga cikinsu alkawarin cewa in Allah ya kai mu shekara ta biyar, da ƙaron itacensa zan buga masa. Ya ce, "Ɗana, in ina raye." Na ce in sha Allahu, Baba.

Ranar Asabar mai zuwa da hantsi za mu yi gwajin hoton shuɗi na farko, mutum goma kawai za mu iya ɗauka saboda takarda. Wanda yake so ya turo saƙo a shafin nan. Ku zo da ganyen da kuke so, da tsohuwar riga da ba ku jin asararta. Wanda kuma yake da tsohon hoton iyaye ko kakanni da ya fara koɗewa, ya zo da shi mu ɗauke shi a kwamfuta kyauta, amma da sharaɗin zai tafi da kwafi a wuri biyu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.